Masu Bin Sawun Namun Daji

A ƙauyukan bakin daji, idan aka wayi gari aka ga turke ba akuya, sai tsinkakkiyar igiya da ɗigon jini, mai bin sawu ake fara kira tun kafin magana ta kai gun mai unguwa. Shi kuwa abin da zai fara roƙo shi ne kowa ya ja da baya, a kama yara, a tsare sauran bisashe, kada a tattake masa wuri. Sai ya zagayo garken ta waje, ya tsaya yadda sawun zai kasance tsakaninsa da rana, domin kafin hantsi ya ɗaga kowane ɗan rami yana da inuwarsa, in rana ta take tsaka kuwa ƙasa shafewa take yi ta zama bai ɗaya. Sannan ya tsuguna. Kafin a gama dama kunu ya faɗi ko kura ce, ko damisa, ko karnukan gari ne suka yi taron dangi, ko kuma ɓarawo ne ya yanke igiyar ya yayyafa jini don a ɗora wa kura.

Abin da ya duba a fili yake ga duk wanda aka nuna wa. Dagin damisa, da na zaki, da na kyanwar gida, duk ƙira ɗaya ce: yatsu huɗu a zagaye, ba alamar farce, saboda dangin kyanwa janye ƙumbarsu suke yi ciki in suna tafiya, ba ta fitowa sai za su kama ko sun zame a taɓo. Tsokar tsakiyar dagin tana da ƙullutu uku ta baya. Girma ne ke raba su: na ƙasaitaccen zaki yakan kai santimita 13 ko 14, na damisa da kyar yake kai 10. Kura kuwa farcenta kullum a waje yake, dakusasshe, yana barin ɗigo gaban kowane yatsa. Ƙullutun baya biyu ne, a karkace, yatsun a lanƙwashe sun matsu da juna. Abin da ya fi tona ta shi ne ƙafar gaba ta fi ta baya girma nesa ba kusa ba, don haka jikinta yake, gaba a tashe baya a zube, har baƙon daji ya zaci dabba biyu ne suka wuce, uwa da ɗa. Kare ma yana nuna farce, amma ƙafafunsa ba su da wannan tazarar girma, kuma tafiyarsa ba ta da alƙibla: ya sansana nan, ya koma can, ya dawo. Dila miƙewa yake yi sak, sawunsa ɗan siriri, yatsun tsakiya biyu sun yi gaba.

Yadda aka tafi da akuyar ma magana ce. Damisa maƙogwaro take kamawa, ta ja naman a tsakanin ƙafafunta na gaba, sai ka ga shatin ja a tsakiya, sawunta hagu da dama, can gaba kuma tulin gashin da ta fige kafin ta fara ci, wani lokaci har da karce a jikin itacen da ta hau da shi. Kura fizga take yi, ta bar gutsattsarin ƙashi a hanya, kashinta kuma in ya bushe fari fat yake zama saboda ƙasusuwan da take taunewa. Na zaki baƙi ne, cike da gashi, warinsa yana riga ganinsa isowa.

Mutanenmu in suka ga mutum ya tsuguna ya tashi da labari irin wannan, sai su ce ai yana da asiri, ko mutanen ɓoye ne ke gaya masa. Yabo suke nufi, amma ina ganin ba abin da ya cuci wannan sana'a kamarsa. Maharba da kansu sun taya, da layu da guraye da kirarin da ke sa a ji tsoronsu, kuma ban zo yin jayayya da abin da mutum ya riƙa don tsarin jikinsa ba. Amma bin sawu daban ne. Kowane hukunci da mai bin sawu ya yanke yana da hujjar da zai iya ɗora yatsa a kai. Ana iya koyar da shi, ana iya jarraba shi, in ya yi kuskure dabbar da kanta za ta ƙaryata shi in aka cim mata. Duk abin da ke da waɗannan siffofi ilimi ne. Abin da aka laƙaba wa asiri da mai shi ake binne shi, ba wanda ke tunanin rubuta shi ko ɗaukar almajirai daga waje, kuma haka gwanaye da yawa suka tafi da nasu.

Galibi gado ne, a gidajen maharba da ke ƙarƙashin Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, ko da yake makiyaya ma ba baya ba ne, don yaron da ya tashi a ruga yana gane sawun kowace saniya ta garkensu a cikin na wasu. Ɗan maharbi yana farawa ne da farautar yara: gafiya, kurege, zomo, da karnuka a gefen gona. Daga nan ya zama mai ɗaukar gora da burgami a bayan mahaifinsa. Ba a zaunar da shi a yi masa darasi. Tafiya ake yi shiru, sai tsohon ya tsaya ya nuna ƙasa da bakin sanda.

"Wannan fa?"

"Gada ce, Baba."

"Yaushe ta wuce?"

Tambayar farko yaro mai ido yana gama da ita cikin 'yan damuna. Ta biyun ita ke cin shekaru. Ɗanyen sawu bakinsa da kaifi yake, ƙasar da aka tura gefe tana da duhu da laima, ba ta riga ta koma launin ta kewaye ba. Daga nan iska ta fara aikinta, bakin ya riƙa zubewa ciki ƙwaya-ƙwaya, ɗan tsinke ko busasshen ganye ya faɗa. Sai dai saurin lalacewar ba ɗaya ba ne. A jigawa da hunturu, lokacin da iska ke kaɗawa tun hantsi, sawun sa'a biyu sai ya yi kama da na shekaranjiya. A laka ƙarƙashin inuwar kurmi, na kwana uku sai ya ruɗi mutum ya rantse yanzu aka taka. Shi ya sa gwani ba ya dogara da sawun shi kaɗai. Yakan danna dunduniyarsa a gefensa ya gwada biyun. Ya kuma nemi wa ya taka bayan wa. Ɓeran daji da dare yake yawo, to in sawunsa ya hau kan na gwanki, gwankin ya wuce tun gari bai waye ba. Kurciya da zabin daji sai an ga haske suke sauka kiwo, to in gwanki ne ya taka nasu, da safiyar nan ya wuce, kuma bai yi nisa ba. Dabbar da ta ratsa ciyawa bayan raɓa ta sauka takan bar layi mai duhu inda ta karkaɗe ta. Wadda ta riga raɓa wucewa, za ka tarar sawunta ya yi ɗan ɓawo a sama. Ciyawar da aka take tana miƙewa sannu a hankali, ganyen da aka karya yana yanƙwanewa gwargwadon zafin rana, yanar gizon da ta gitta turba ba ta tsinke ba tana shaida cewa ba wani mai tsawo da ya bi nan tun da aka saƙa ta. Kashi ma haka: da damina buzuzu ba ya ɓata lokaci, gara kuwa sai an kwana biyu take tasowa ta ƙarƙashi.

Duk wannan ba ya yin amfani sai mutum ya riƙe lissafin sama a kansa. Yaushe iska ta taso jiya, yaushe ta juya, yaushe ta kwanta, da wane lokaci aka yi ɗan yayyafin nan? Mai bin sawu ko yana kwance a ɗaki kunnensa na waje, don abin da ya ji da tsakar dare shi zai yi aiki da shi da asuba.

Masu kofato sun fi wuyar rabewa, domin duk tsaga biyu ne. A nan girma da wuri ke taimako. Na gwanki babba ne mai nauyi, mai tsini a gaba, a fili mai doguwar ciyawa. Mazo shi kaɗai yake tafiya, a duhuwar bakin rafi, sawunsa ƙarami tsaf. Gwambaza ba ta nisa da ruwa, kuma inda ta kwanta tana barin wani wari da ba ya ɓuya. Namijin kanki yana tara kashinsa wuri guda a iyakar filinsa, yana kuma son hawa suri ya yi tsaye, sai ka ga surin duk ya sha kofato. Gada da batsiya 'yan mitsi-mitsi ne, masu kaifi. In dabba na tafiyar kiwo, ƙafar baya kan sauka cikin sawun ta gaba ko dab da shi. In ta firgita, kofaton ya buɗe, ya nutse ta gaba, ƙasa ta watsu baya, 'yan ƙananan kofatan nan biyu na sama su taɓa ƙasa. Namiji ko mace, fitsari ke faɗa: na namiji yana sauka tsakanin sawun gaba da na baya, na mace a tsakanin na baya ko bayansu kaɗan.

Ɓauna da saniya su ne jarrabawar mai gadin daji, don shanu suna kutsawa gandaye, kuma sawun kusan ɗaya ne. Na ɓauna ya fi girma da kewaya, musamman na gaba, saboda nauyinta a ƙirji da kai yake. Amma abin da ke yanke gardama yana gefe: garken shanu ba ya tafiya ba takalmin roba a bayansa, da ɗigon bakin sanda, da sawun tumaki, da rassan maɗaci ko kawo da aka sassaro musu. Ɓauna kuwa birgima take yi a taɓo, ta goga jikinta a kututture, ta bar laka da gashi daidai tsayinta.

Gadu yana da wata ɗabi'a da ta sha jefa sabon shiga cikin wahala. Yana kiwo a durƙushe, don haka ana ganin shatin gwiwoyinsa inda ya toni saiwa. Yana kwana a ramin da dabgi ya haƙa ya bari, kuma da baya yake shiga, haurensa na fuskantar ƙofa. Saboda haka sawun da ke bakin rami yana kallon waje ba ya nufin mai gida ya fita. Yana iya yiwuwa yana ciki yana sauraro. Gwani ba ya tsayawa a gaban ramin. Ta sama yake zuwa, ya duba ko sawun ya ci gaba cikin daji ko a nan ya tsaya, ya duba ko ƙudaje na shawagi a bakin, don ramin da ke da mai shi ba ya rasa su.

Sauran ba su da wuya in an taɓa nuna maka. Dabgi yana barin manyan farata uku da jan wutsiya, kusa da surin da ya fasa da dare. Beguwa tana sharar ƙasa da ƙayoyinta, tana kuma yar da ɗaya ko biyu. Gwaggon biri hannu ne sak da babban yatsa, ƙafar baya doguwa. Dorina yatsu huɗu, turbarta daga ruwa layi biyu ce da ɗan tudu a tsakiya, ga kashin da ta watsa wa ciyawa da wutsiya. Kasa miƙe take tafiya ba lanƙwasa, da ɗan siririn layi a tsakiya inda bakin wutsiyarta ya ja, gamsheƙa kuwa lauje-lauje.

Giwa ce ta fi kowa ba da labarin kanta. Sawun gaba zagayayye ne kamar faifai, na baya mai ɗan tsawo, kuma yakan hau kan rabin na gaba. Ga girma amma ba zurfi, domin tafin ƙafarta kitse ne mai laushi da ke baje nauyi, har a kan fako garke guda ya wuce ba ka ga komai ba sai ɗan sheƙi a ƙasa. Inda ta dosa ana gane shi daga ƙurar da bakin ƙafar ya tura gaba. Tsofaffin maharba suna kewaya sawun gaba da igiya su ninka biyu, abin da ya bayar shi ne kusan tsayinta daga ƙasa zuwa kafaɗa. Tsattsagewar tafin ƙafa kuwa kowace giwa da nata zanen, wanda yake fitowa sarai a ƙasa mai laushi, shi ya sa ake iya bin toro guda a cikin sawun ashirin. Na tsoho dunduniyarsa ta goge ta yi sumul. Kashi yana ƙara bayani, kuma ba ya wuyar samu, tun da giwa kan ci abin da ya kai kilo 150 a yini ta kuma zubar fiye da sau goma. Ana cusa hannu a ji ɗumi. Ana fasa shi a ga ƙwallon giginya ko aduwa ko ƙwayar dawa, a san daga inda ta fito, kurmi ko gonar wani. Giwa tana fitar da turamen haƙori sahu shida a rayuwarta, in na ƙarshe ya cinye ba wani, don haka kashin da ke cike da ganye da sassaƙen da ba a tauna ba na tsohuwa ne tukuf. A 1983, Cynthia Moss da abokan aikinta biyu a gandun Amboseli na Kenya sun buga bincike da ya nuna ana iya ƙiyasta shekarun giwa daga tsawon sawun ƙafarta ta baya. Sun sa awo da lissafi a kan abin da maharba suka daɗe suna yi da ido.

Inda gwani ke rabuwa da ɗan koyo shi ne inda sawu ya ɓace. An zo kan marmara ko tsakuwa, ba abin da ya rage sai ɗan dutsen da aka juya, gefensa mai duhu na kallon sama, ko tsinken da ya karye. Ɗan koyo zai sunkuya yana lalube taki-taki har rana ta yi. Gwani zai sa alama a sawu na ƙarshe, ya miƙe, ya dubi daji. Wane lokaci ne yanzu? Dabbar nan ta sha ruwa ko ba ta sha ba? Ina mashaya, ina wurin lasar kanwa, ina inuwar da za ta nema in rana ta yi zafi, ta ina iska ke zuwa? Sai ya yanke ya tafi can gaba inda ya san ƙasa na da laushi, ya gitta. In ya sami sawun, ya yi ribar sa'a guda. In bai samu ba ya dawo kan alamarsa ya sake tunani. Wannan ba ya samuwa sai ga wanda ya san rayuwar dabbar ciki da bai, abin da take ci a kowane wata da abin da take tsoro. Kuma duk yana yi ne idonsa na gaba, ba a ƙasa ba, yana ɗan karkaɗa tsumman toka ya ga inda iska ta nufa, kunnensa na kan kukan carki, wanda ke nuna akwai babban nama kusa, da haushin gwaggo, wanda sau da yawa damisa ko zaki yake yi wa. Wanda ya bi ɓauna mai rauni kansa a sunkuye yana iya rasa ransa, don takan zagayo ta laɓe a gefen sawunta tana jiran mai binta. Launin jinin ma ana dubawa: mai kumfa da haske daga huhu ne, dabbar ba za ta yi nisa ba, ɗigo jefi-jefi kuwa rauni ne na tsoka, kuma mai shi yana da sauran ƙarfi.

Ba mu kaɗai muka san darajar wannan ba. Larabawa tun kafin Musulunci suna kiransa ƙiyafa, kuma Banu Mudlij sun yi suna a kai. Ɗaya daga cikinsu, Mujazziz, shi ne ya ga ƙafafun Zaidu ɗan Harisa da ɗansa Usama suna kwance kawunansu a rufe, ya tabbatar jini ɗaya ne, Manzon Allah (SAW) ya yi farin ciki da hakan. Ranar Hijira ma da mai bin sawu Ƙuraishawa suka fita, ya kai su har bakin Kogon Saur.

A zamaninmu, kudancin Afirka ne suka ɗauki abin da gaske. A 1990 Louis Liebenberg, mutumin Afirka ta Kudu da ya daɗe yana bin maharban San a hamadar Kalahari, ya fitar da littafi yana kafa hujja cewa irin tunanin mai bin sawu, wato a ga alama a yi hasashe a je a gwada, shi ne tushen tunanin kimiyya. A binciken da ya fito a 1997, Philip Stander ya jarraba maharban San a Namibiya: aka kai su kan sawun namun da masu bincike suka riga suka san ko su wane ne, aka tambaye su iri, da jinsi, da shekaru, da abin da ya faru. Cikin tambayoyi 569 sun dace a kashi 98 cikin ɗari, kuma da aka buga binciken sunayensu na cikin marubutansa. Liebenberg da Justin Steventon suka ƙirƙiro manhajar CyberTracker, mai aiki da hotuna maimakon rubutu, don wanda bai yi boko ba ya latsa hoton dabba da abin da take yi, na'ura ta riƙe wurin. Da ita Karel Benadie da James Minye, waɗanda ba su iya karatu ba, suka tattara bayanin abincin baƙar karkanda a gandun Karoo, aka buga da sunansu a 1999. A 2013 har Faransa aka kai maharban San uku, aka shiga da su koguna irin su Pech Merle, su duba sawun mutanen da suka taka laka dubban shekaru da suka wuce, su faɗi maza nawa, mata nawa, yara nawa. Masana tarihin da suka shekara suna auna waɗannan sawaye da ma'auni suka tsaya suna rubuta abin da maharba ke faɗa.

Mu a nan, abin da ya fi damuna shi ne allon karatun da kansa yana gogewa. Ba a koyon sawun dabbar da babu ita. Yankari, da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, ita ce mafi albarkar abin da ya rage mana, amma raƙumin dawa da kyarkeci da dari sun ƙare a cikinta. Giwayenta ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150. Damisa an daɗe ana zaton ta ƙare, sai a 2017 kyamarar da aka ɗaura a daji ta ɗauki namiji guda. Binciken da Philipp Henschel ya jagoranta, wanda ya fito a 2014, ya duba gandaye 21 na Afirka ta Yamma da ake zaton akwai zaki, aka same shi a huɗu kacal: Niokolo-Koba a Senegal, da haɗakar W da Arli da Panjari tsakanin Nijar da Burkina Faso da Benin, sai Kainji da Yankari. Duka-duka kusan 400, na Nijeriya ba su kai 50 ba. Kuma babbar hanyar da aka bi wajen wannan ƙirga ita ce duba sawu a turbobi da bakin ruwa. Wanda ke son ganin ɗanyen sawun raƙumin dawan yankin nan namu, mai tsawon kusan taƙi guda, sai ya nufi Kure kusa da Yamai, inda 49 suka rage a 1996 aka tsare su har suka haura 600, ko Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka mayar da takwas a 2018.

Ba zan ɓoye ba, wannan ilimi yana da hannu a ɓarnar. Ɗan kasuwar haure ba ya iya samun giwa da kansa, wani ɗan gari ne mai ido ke kai shi. Garken gwankin da aka ƙarar, da sawu aka bi shi har makwancinsa. Amma noma da ya cinye daji, da gawayi, da bindigar zamani, da kasuwar naman daji a birane, sun fi ƙarfin mai baka da adaka, kuma idon da ya kai maharbi shi ne kaɗai ke iya kamo shi. Mai gadin da ya iya sawu yana ganin mutum nawa suka shiga, yaushe, da kaya ko ba kaya, don mai ɗauke da nama takunsa gajere ne kuma ya fi nutsewa. Yana gane tayar babur, yana gane inda aka ja reshe don a ɓad da sawu, wanda shi kansa sawu ne. Bayan ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga yarjejeniya da gwamnatin Bauchi a 2014 kan tsaron Yankari, masu sintiri sun riƙa yawo da na'urar da ke riƙe inda suka bi da abin da suka gani, an kuma rataya wa wasu giwaye abin wuya mai magana da tauraron ɗan'adam. Abin wuyan yana faɗin inda giwa guda take. Ba ya faɗin cewa akwai jariri sabon haihuwa a garken, ko ɗaya na jan ƙafa saboda tarkon waya, ko mutum uku na biye da su tun jiya. Wannan sai wanda ya tsuguna. A gandaye da dama na Afirka tsofaffin maharba aka ɗauka aikin gadi, kuma dalilin ke nan.

Mun ma ga ranarsu a wani fagen. A watan Mayun 2014 ɗaruruwan maharba suka taru a Maiduguri suna neman izinin shiga Sambisa neman 'yan matan Chibok, kuma a ƙarshen shekarar maharban Adamawa na cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi. Jarumtarsu da layunsu aka fi ba da labari. Abin da suka fi soja da shi a zahiri shi ne sun san dajin, Sambisa kuwa gandun namun daji ce tun asali, kuma suna gane sawu.

Duk da haka ladan mai bin sawu har yau ɗan goro ne in ya gano saniyar da ta ɓata, ko abin da baƙo ya ga dama ya miƙa masa bayan ya nuna masa giwa. In ya nemi aikin gandun daji takardar makaranta za a tambaye shi, a ɗauki wanda ba ya raba sawun kura da na kare a bar shi. Muna da wuraren da ya kamata a gyara wannan: kwalejin kula da namun daji ta tarayya da ke Sabuwar Busa a jihar Neja, da makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru da ke horar da ma'aikata tun 1970. Tsohon maharbin Alkaleri ko na Birnin Gwari ko na Dakoro ya cancanci ya tsaya gaban ɗaliban nan a matsayin malami mai albashi, a kuma bi shi da kyamara ana ɗaukar kowane sawu da bayaninsa cikin Hausa, tun yana da ƙafar shiga daji. Jarrabawar bin sawu ma ba ta da tsada, kuma tun 1994 ake yin irinta a Afirka ta Kudu. Sammako ake yi zuwa turba mai laushi, a ce ta bakin kogin Gaji a Yankari, mai jarrabawa ya zana da'ira a kan sawu talatin ko arba'in, masu sauƙi da masu ruɗi. Kowa ya zo shi kaɗai ya duba, ya raɗa amsarsa a kunnen mai rubutawa, sannan a taru a kan kowane sawu a baje hujja har kowa ya gamsu. Wanda ya ci a ba shi takardar shaida da matsayi a ma'aunin albashi, ko da bai iya rubuta sunansa ba.